Ƙaraye da Rogo Sun Isa Su Ci Kasuwar Hunturu

Duk ƙarshen watan Nuwamba, hotunan kasuwannin Kirsimeti na ƙasar Jamus kan fara yawo a wayoyin mutane. Rumfunan katako a jere a dandalin tsakiyar gari, fitilu ta ko'ina, jama'a sun duƙunƙune cikin rigunan sanyi, kowa riƙe da kofi yana turiri. 'Ya'yanmu da ke karatu ko aiki a can ne ke turowa, wani lokacin kuma a ji labarin a sashen Hausa na DW. Mu kuwa sai mu kalla, mu ce ai Turai ke nan, mu wuce. Wucewar nan ce ban yarda da ita ba. Mutumin Ƙaraye ko na Rogo da ya tsaya ya dubi hoton da kyau zai gane abin da yake gani: kasuwa ce ta cefanen biki, ana cin ta a fili, cikin sanyi, bayan an kammala aikin shekara. Mu ma muna da irinta, kuma ba ta gaza tasu kayan albarka ba. Su sun ɗauki tasu da daraja, sun yi mata doka, sun tsare ta. Mu mun bar tamu a hannun dillalai da masu yankan tikiti.

A shekarar 1434 mai mulkin yankin Saksoni, Frederick na Biyu, ya ba mutanen birnin Dresden izinin cin kasuwa ta yini ɗaya tak gab da Kirsimeti, kuma kasuwar nama ce. Kiristocin wancan zamani sukan shafe makonni suna ƙaurace wa nama kafin bikin, don haka in lokacin buɗe baki ya matso dole a nemi inda mahauta za su baje kaya. Garin Bautzen ma tun 1384 ya samu irin wannan izini. To wane Bahaushe ne zai ji wannan bai tuna da kasuwar jajibere ba? An kai azumi, gobe Sallah, maigida ya fita neman kaji da kayan miya, mahauta sun kasa nama, mai lalle da mai takalma kowa na ta ciniki har dare ya raba. Daga wannan yini guda kasuwar Dresden ta yi ta girma har ta kai kusan wata ɗaya ana cin ta, da rumfuna sama da 200.

A cikin ƙarnin da kasuwar Dresden ta fara ne kuma Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a watan Fabrairun 1851, ciniki da sana'o'in gari ne suka fi ɗaukar hankalinsa, musamman saƙa da rini. Ya rubuta yadda tufafin Kano ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, ya kuma yaba da cewa a cikin gidajen mutane ake sana'ar, iyalai na cin moriyarta ba tare da sun bar muhallinsu ba. Akwai lokacin da Bajamushe ne ke ƙetare hamada ya zo kallon kasuwarmu.

Allah ya nufe ni da cin kasuwar Nuremberg, a jihar Bavariya, wadda tana cikin waɗanda suka fi suna a ƙasar. Ranar Juma'a ake buɗe ta, wajen ƙarshen Nuwamba, a tashi ranar 24 ga Disamba. Rana kan faɗi tun ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, sanyi na ratsa ƙashi, amma duk da haka mutane sun gwammace su fito. Rumfuna wajen 180 ne, kowacce da rufin yadi mai ratsin ja da fari, baƙi kuwa kimanin miliyan biyu ke zuwa a shekara. Musulmi dai sai ya yi hattara, domin abin shan da ya fi tashe giyar inabi ce da aka ɗumama da kirfa da kanumfari, 'yan ƙananan naman da ake gasawa ana sa wa a burodi kuma na alade ne. Amma akwai abin da zai ci hankali kwance: ruwan 'ya'yan itace mai zafi da ake dafa wa yara, wanda ba giya a ciki, da 'ya'yan almond da aka soya cikin sukari, da Lebkuchen, wani biskit mai laushi na zuma da kayan ƙamshi da garin ya shahara da shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar kofi. Ka sayi abin sha, mai rumfa zai ɗora maka 'yan yuro a kan kuɗin, jinginar kofin tangaran ɗin da ya zuba maka. Ka shanye ka mayar, ya mayar maka da kuɗinka. In kuwa kofin ya burge ka, ka tafi da shi gida, an yi ciniki ke nan. Da wannan 'yar dabara filin da dubban mutane ke sha a tsaye ya zauna ba tarin kofunan roba. Na daɗe a gaban wata rumfa inda wata tsohuwa ke sayar da 'yan tsana. Busassun 'ya'yan itace ne aka soke a waya aka yi jiki da hannuwa, kan kuma wani ƙwallo ne mai tauri da aka zana wa ido da baki, sannan aka ɗinka musu 'yan riguna: wannan makaɗi, wancan mai share bututun hayaƙi da ɗan tsaninsa a kafaɗa, waccan mai girki. Abin da aka kashe a kayan haɗin bai taka kara ya karya ba. Aikin hannu ake saya, da sunan garin. Yaranmu da ke ƙera mota da jirgin sama da karan dawa ba su gaza wannan tsohuwa fasaha ba, rumfa ce dai ba a taɓa ba su ba.

Kuma ba haka kawai abin ya tsaru ba. Hukumar birnin ce ke zaɓar wanda zai samu rumfa, ta kuma gindaya sharuɗɗa. Ba a ƙawata rumfa da ganyen roba, ba a cika wa mutane kunne da kiɗan na'ura, lilon yara ma an ware masa wani fili dabam a kusa. Kowace shekara ana ba rumfunan da suka fi kyau kyauta. Tun 1996 sunan Lebkuchen na Nuremberg ke da kariyar doka a Tarayyar Turai, ba mai buga wannan suna a kwalinsa sai wanda ya gasa shi a cikin birnin. Ba duka kasuwannin Jamus ne haka ba. Dubbai ne, da yawansu cike da tarkacen masana'anta, Jamusawan kansu kuma na kukan tsada. Amma waɗanda ake yin takakkiya dominsu su ne masu tsaurin doka, har biranen Birmingham a Ingila da Chicago a Amurka suka kwaikwaye su.

Kada kuma a ɗauka al'adar ta taho sumul tun kaka da kakanni. Shaidar farko da ake da ita kan kasuwar Nuremberg ta 1628 ce, amma a 1898 an ɗauke ta daga babban dandali, ta yi ta gararamba daga wannan fili zuwa wancan har ta kusa mutuwa. 'Yan Nazi ne suka dawo da ita tsakiyar gari a 1933 don manufarsu ta siyasa, wannan kuwa tabo ne da tarihinta ke ɗauke da shi. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da ita, a watan Janairun 1945 jiragen yaƙi suka ragargaza tsohon birnin. A 1948, cikin kangwaye, ana fama da ƙarancin abinci da makamashi, mutanen garin suka sake kafa rumfunansu. Wannan shekarar nake so mu riƙe, mu da duk maganar da aka kawo sai mu ce a bari sai an samu hali. Haka kuma ƙauyen Seiffen da ke tsaunukan Saksoni: da kuzar da suke haƙa ta ƙare a ƙarni na 19, masu haƙar suka koma sassaƙar katako, suna yin kayan wasan yara da na ado. Kasuwar hunturu ce ta zame musu mafita, kuma har yau jikokinsu na cin abinci da wannan sana'a.

Yanzu mu dawo gida. Mutum ya bi ta Gwarzo ya nufi Ƙaraye a tsakiyar Disamba, hazo ya sauka, iska na busar da leɓe. An gama girbi, masara da dawa sun shiga buhu, an roro wake, an casa waken suya, an tono gyaɗa da dankali, barkono na shanye ya yi jawur a gefen hanya. Masu noman rani sun duƙufa a kan tumatir da albasa. Ga madatsar ruwa ta Challawa, wadda kamfanin Julius Berger, da asalinsa daga Jamus ne, ya gina tsakanin 1990 da 1992, tsayinta mita 42, tsawonta ya kusa kilomita 8. Ga kuma ta Kusalla. Masunta na fitowa da tarwaɗa da karfasa, mata na banda. In ka gangara Rogo kuwa ka shiga ƙasar rake, ga Maƙarfi ta jihar Kaduna, ga Ɗanja ta jihar Katsina duk ba nisa, yanki guda ne na fadama da rake da masara.

Wanda bai taɓa tsayawa a wurin masu mazarƙwaila da sanyin asuba ba, bai gama sanin hunturun wannan yanki ba. Tun kafin gari ya waye an tayar da inji, inda a da doki ko sa ne ke zagayawa yana juya shi. Ana cusa rake ta nan, ruwan na gangarawa cikin daro ta can, a tace, a juye a babban kasko. Busasshiyar tukar raken jiya ita ce makamashin yau, ba a sare itace ko ɗaya ba. Mai dafawa na tsaye da doguwar muciya, yana kwashe kumfa, yana duban kaurin ruwan. Shi kaɗai ya san lokacin saukewa, don in ya yi gaggawa ba za ta daskare ba, in ya yi jinkiri ta ƙone ta yi ɗaci. Sai a zuba a 'yan kwanoni a jere, ta huce, a kife a fitar da ita. Ƙamshin kan isa hanya kafin hayaƙin. Yara na kewaye suna jiran a kankare musu gindin kasko, mai wucewa kuma ba ya tafiya ba a ce masa bismillah ba. Wannan abu ne da ɗan birni zai biya kuɗin mota ya kawo 'ya'yansa su gani. Amma ina mazarƙwailar take ƙarewa? A lodin mota, a farashin sari, ta tafi ba suna ba alama, wanda ya sha kunu da ita a Kano ko Legas bai san daga wane gari ta fito ba.

Matsalarmu ke nan a taƙaice. Ranar kasuwa a yankin nan, a wannan lokaci, kuɗi na motsi ƙwarai. Sai dai duba hanyar da suke bi. Manomi ya kawo masara da safe, bashin taki na jiransa, ga auren 'ya, ga kuɗin makaranta. Dillali ya taya, manomi ya ce albarka, a ja a ja, a ƙarshe ya ce na sallama, don kowa ya kawo irin abin da ya kawo kuma duk a matse suke. Manyan motoci su yi lodi su nufi kasuwar Dawanau. A kakar 2025 ma abin ya fi ciwo, hatsi ya faɗi warwas alhali taki na can sama. Ɗan abin da ya rage a aljihun manomin kafin la'asar ya koma rumfar robobi da atamfa da fitilar Sin. Maƙeri da masassaƙi da mai tukwane da mai faifai da tabarma an tura su can bayan kasuwa, kusa da bola, suna zaune a rana. Tsohuwar da ta kwana tana tuyar ƙuli-ƙuli ta aiko jikarta da tire, yarinyar na ratsa tsakanin 'yan dako da babura. Masu tikiti sun bi kowa sun karɓa, har mai tallan gyaɗa, amma a yawancin kasuwanninmu na karkara ka nemi famfo ko makewayi mai tsafta ka rasa. Yamma ta yi, kasuwa ta watse, iskar hunturu ta kwashi leda ta rataye a kan kowace ƙaya.

Da can kaka ba ta ciniki kaɗai ba ce. Lokacin kalankuwa ne, da dambe da kokawa da sharo. Mahauta kan bi gari gari da kalangu, 'yan mata su yi gaɗa a dandali, kasuwar dare ta ci da fitilun aci-bal-bal, mai tsire ya kafa tukubarsa, mai shayi ya hura wuta. Yawancin wannan ya ja baya, kuma ba zan ce malaman da suka yi wa'azi a kai ba su da hujja ba. An sha giya a wasu wuraren, an yi caca, an yi cakuɗar da ba ta dace ba, an lalata 'ya'yan mutane. Amma maimakon a tsince tsakuwa daga shinkafa, sai aka zubar da kwanon gaba ɗaya. Sakamakon shi ne matashin ƙauye ya gama wahalar damina, ya rasa inda zai je ya huta cikin mutunci a garinsu. Sai gidan kallon ƙwallo, sai waya, sai cin rani, wasu kuma sai ƙwaya. Nishaɗi mai tsafta buƙata ce ta ɗan Adam, kuma al'ummar da ba ta tanadar wa 'ya'yanta shi ba, wani zai tanadar musu marar tsafta.

Shawarata ita ce Ƙaraye da Rogo su kafa kasuwar hunturu ta shekara-shekara, ta mako ɗaya ko kwana goma, a tsakiyar Disamba, lokacin da makarantu suka yi hutu, bana a wannan gari baɗi a wancan. Akwai ma wanda aikin ya dace da shi. Tun watan Yulin 2024, da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sake fasalin masarautun Kano, Masarautar Ƙaraye ƙananan hukumomin nan biyu ta ƙunsa, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Muhammad Maharaz. An sha jayayya a kan masarautun nan tun daga 2019, kuma talaka na da 'yancin tambayar me za su tsinana masa. Ga amsa guda. Kasuwa tun asali a hannun sarauta take: akwai sarkin kasuwa, da sarkin pawa, da sarkin maƙera, da sarkin ruwa, da sarkin noma. Waɗannan ba sai an ƙirƙiro su ba, aiki kawai za a mayar musu.

Doka ɗaya ce ginshiƙin abin, in ta faɗi komai ya faɗi: ba abin da zai shiga wannan fili sai wanda aka noma, ko aka dafa, ko aka ƙera a yankin. Mai robobi da mai atamfa da mai cajar waya suna da sauran makonnin shekara duka, kuma ba wanda ya hana su. Wannan makon na mai mazarƙwaila ne, da mai man gyaɗa, da mai zuma, da mai bandar kifi, da mai kilishi, da mai daddawa, da Bafulatana mai nono da man shanu, da maƙerin da zai kafa zugazuginsa a gaban jama'a ya ƙera lauje yara na kallo. A ware wa mata ɓangarensu mai shinge da inuwa, matan aure su zauna da kansu su sayar da alkaki da nakiya da dubulan da dakuwa, a huta da aiken ƙananan yara talla. Kunun tsamiya da kunun gyaɗa da shayi mai citta su ne abin ɗumama jiki, a zuba a kofin silba ko ƙoƙo, a karɓi jingina, a hana leda shiga kwata-kwata. Ina da yaƙinin mutanenmu za su karɓi wannan cikin yini guda, don mun saba da mayar da kwalbar lemo tun muna yara. Kowane ƙunshi kuma a manna masa 'yar takarda mai sunan garin da ya fito, Zarewa ko Beli ko Fulatan, Turawa ko Yammedi ko Kafin Dabga, don wanda ya ji daɗi ya san inda zai komo.

Abin da nake tsoro shi ne a mayar da maganar kwangila. Mun san yadda ake yi: a rushe rumfuna, a gina shagunan bulo masu ƙofar ƙarfe, a raba wa masu uwa a gindin murhu, a kira shi kasuwar zamani, talakan da aka yi dominsa ya koma bakin titi. Wannan kasuwa ba ta buƙatar buhun siminti ko ɗaya. Zana da kara da gora sun isa, kuma masu saƙa zanan ma sun samu ciniki. Abin da za a kashe wa kuɗi shi ne fitilu masu aiki da hasken rana, da tankin ruwa, da makewayi na maza da na mata, da wurin sallah, da masu shara. Kuɗin rumfa kuwa a rubuta a allo a bakin ƙofa, abin da aka tara da abin da aka kashe, kowa ya gani. Ba kuma taron siyasa ba ne. Ranar da aka rataya hoton ɗan takara a ƙofar kasuwar, rabin gari sun daina zuwa.

Za a ce wa zai saya, tunda mutanen yankin duk abu ɗaya suke da shi? Masu saye na birni. Daga Kano zuwa Ƙaraye tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, Zariya da Funtuwa ma ba su yi wa Rogo nisa ba. Disamba watan bukukuwan aure ne, kuma duk uwar da ke haɗa gara tana neman alkaki da nakiya da man gyaɗa mai kyau da shinkafa 'yar gida, tana kuma biyan ninki a birni kan abin da ba ta san wa ya yi ba. Dubi yadda Kanawa ke cika filin baje kolin da ake yi a titin gidan zu a ƙarshen shekara, da 'ya'yansu, suna biyan kuɗin shiga. Mutane na neman inda za su kai iyali. Ga kuma 'yan asalin yankin da ke aiki a Kano da Kaduna da Abuja, waɗanda ba abin da ke kawo su gida sai Sallah ko rasuwa. A ba su dalili na uku.

Akwai wasu masu saye da masu sayarwa da ba a cika ambato ba. A ƙauyukan Rogo da Ƙaraye akwai Hausawa Kirista, da yawansu jikokin Maguzawa, manoma ne na gaske, kuma a ƙarshen Disamba suke nasu bikin. A kasuwa ɗaya suke sayen shinkafa da akuya da maƙwabtansu Musulmi, dillali ɗaya, mudu ɗaya. Kasuwar hunturu tasu ce kamar yadda take ta kowa, kuma ta fi taron zaman lafiya da ake yi a otal amfani, don wanda kuka yi ciniki da shi, ya yi maka gyara, da wuya ka yarda a zuga ka a kansa. Lissafin wata ma yana tafe da wani abu. Azumi na matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, yana shiga cikin sanyi. A 2033 ana sa ran Ƙaramar Sallah za ta zo sau biyu, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba, kwana kaɗan tsakaninta da Kirsimeti. A shekarun nan kasuwar jajibere da kuɗin kaka da hunturu za su haɗu wuri guda, kuma garin da ya riga ya kafa kasuwarsa shi zai kwashi cinikin.

Maganar tsaro ita ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Yankin na maƙwabtaka da wuraren da 'yan bindiga suka addaba, kuma taron jama'a da kuɗi a aljihu abin kwaɗayi ne ga ɓarawo. Jamusawa ma sun ɗanɗana. Ranar 19 ga Disamban 2016 wani ya afka wa kasuwar Breitscheidplatz a Berlin da babbar mota, mutum 12 suka mutu, wani kuma ya cika daga baya. Bayan kwana uku aka sake buɗe kasuwar, an kewaye ta da tubalan kankare. Ranar 20 ga Disamban 2024 aka sake yin irin haka a Magdeburg, mutum 6 suka rasu, ɗaruruwa suka jikkata. Ba su daina ba, tsaro suka ƙara. Namu tsarin ba sai ya yi kama da nasu ba. A yi ta a cikin gari kusa da hukuma, ƙofar shiga ɗaya ta fita ɗaya, babura su tsaya a waje, 'yan sanda da 'yan sintiri da Hisbah kowa da aikinsa, baƙi su kama hanya kafin magariba, 'yan gari su tashi bayan isha'i. Masu POS su zauna a ciki don kada kowa ya yi yawo da damin kuɗi. Dambe da kokawa a yi su da rana, a fili dabam, da alƙalai da dattawa. In shekara ta zo da barazana, a ɗage, ba abin kunya ba ne. Nuremberg ma ba ta ci kasuwarta ba a 2020 da 2021 saboda annobar korona, ta kuma dawo.

Abin da ba zai jira ba shi ne masu sana'ar kansu. Masaƙan da suka rage a ƙauyukanmu tsofaffi ne, haka majema, haka matan da suka iya ginin tulu da randa, kuma 'ya'yansu sun koma acaba don sana'ar ba ta ciyar da su. Aikin farko bai buƙatar kasafin kuɗi. Hakimai su umarci dagatai da masu unguwanni, kowa ya rubuto sunayen masu sana'ar hannu da ke ƙasarsa, da abin da suke yi, da ko suna da mai koyo a hannunsu. A tara takardun a fada kafin damina ta faɗi, a kira su a ji ta bakinsu kan lokaci da wuri, a sanar da su tun da wuri cewa rumfarsu kyauta ce a shekarar farko, don mai tukwane ta san yawan yumɓun da za ta tanada, masaƙi kuma ya sayi zare.